Ƙyauren da Ke Rufe Kansa

Ina sakandare a Gummi aka kawo majigi, muka kalli fim ɗin masu yawo cikin taurari. Abokaina jirgin ne ya tafi da su, ni kuwa ƙofarsa, mai rufe kanta in an wuce. A gidanmu kullum sai an bar ƙyaure buɗe, awaki su cinye geron da Inna ta shanya, a ce ni ne. Sai na yanko robar tayar keke, na ɗaure ƙyauren da ginshiƙi. Ina shigewa ya rufe, garam.

Inna ta gwada sau uku, ta ce, "Ɗan ga, ashe kallon ga naku ba banza na ba."

Gero ya tsira, ni ma haka. Har yau nakan ce, ƙila mai fim ɗin ma awaki suka ishe shi.