Muryar Garba a Akwatin Dogon Kunne

Jama'a, abin da zan gaya muku ba ji na yi a bakin wani ba, ni ya faru da ni, kuma wallahi tallahi ko yanzu da na ɗauko maganar sai da na ji zuciyata ta tafasa kamar jiya aka yi. A Gusau ne, cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin, Turawa ba su tafi ba tukuna, gyaɗa na tashe, jirgin ƙasa sai kwasarta yake yi. Ni kafinta ne a lokacin, ina da 'yar rumfata kusa da tasha, amma asalina mutumin Nahuce ne ta ƙasar Bunguɗu, can na baro mahaifiyata, Inna.

Mu biyu ta haifa maza, ni da ƙanena Garba. Garba ya shiga soja aka kwashe su zuwa yaƙin Bama, can ƙetaren teku, wasu suka dawo da akwatunan ƙarfe da labarai iri-iri, shi bai dawo ba, babu gawa babu kabari, cewa kawai aka yi ya ɓace a daji. Muka yi masa addu'a muka haƙura, amma Inna ba ta taɓa yarda a kira shi marigayi a gabanta ba. Yaron yana da i'ina, in zai kira ni sai ya ce "ya-ya-yaya", tun muna ƙanana ake tsokanarsa da haka, ni kuma in yi dambe a kansa.

To akwai wani Bature a bariki, manajan wani kamfanin sayen gyaɗa, sunansa na gaskiya ya fi ƙarfin harshenmu, sai mutanen Gusau suka sa masa Dogon Kunne. Dalili kuwa, yana da wani akwatin rediyo da ya cika rabin ɗaki, ba irin wanda ake saurare kawai ba, a'a, shi magana yake yi a ciki a amsa masa daga bangon duniya. Ba aikin gwamnati ba ne, ba na kamfani ba, sha'awa ce tsagwaronta, kamar yadda wani ke kiwon tantabara. Ashe masu irin wannan sha'awa suna nan birjik a duniya, sun san junansu, har da manyansu da ake ji da su, kuma shi Dogon Kunne yana cikin manyan. In ya ga dama ya zauna yana ba mu labarinsu: wani tsoho makaho a Amurka da ba ya manta muryar wanda ya taɓa ji, wata mata a Ostareliya da ta fi maza iya kamo nesa, da wani likita a wani ɗan tsibiri can gaba da Indiya, wanda sai an daɗe kafin ya buɗe akwatinsa, duk wanda ya samu magana da shi kuwa ya samu abin alfahari har ya mutu. In ka yi magana da mutum sai ya aiko maka da kati ta gidan waya, shaida ke nan. Gasa suke yi wa zai fara haɗa ƙasashe ɗari, kuma wannan tsibiri shi ya tsaya wa Dogon Kunne a wuya.

Ni na kafa masa gungumen giginya biyu a bayan gida aka ja doguwar waya a tsakaninsu, daga baya ya sake kirana in buga masa allo a bango inda zai jera katunan nan. Mai kula masa da injin wuta wani makanike ne, Mista Bitrus, Kirista mutumin wajen Langtang, shi ma tsohon soja ne da ya je Bama ya dawo. Mutumin kirki, kwano ɗaya muke cin tuwo. Kuma in gaya muku tun yanzu, Baturen nan yana jin Hausa sarai, da ita yake cinikin gyaɗa, kada wani ya ce mini wai bai fahimta ba ne.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, rana tsaka, babu duhu balle a ce ido ne ya yi mini gizo. Ina kan benci ina buga ƙusa, sai Bature ya ɗaga mini hannu in dakata, wai an ji likitan tsibiri ya buɗe. Ya ƙure lasifika, ɗakin ya cika da ƙara kamar ana suyar gyaɗa a kasko, yana murɗa wani ɗan ƙulli a hankali allura na tafiya a kan gilashi. Mista Bitrus na tsaye bakin taga don ya riƙa jin injin. Can sai ƙarar ta ɗauke ɗif, sai kukan wani tsuntsu da ban san irinsa ba, sai murya, tar, kamar mutum na tsaye bayan ƙofa.

"Ya-ya-yaya! Kai, yaya!"

Innalillahi! Guduma ta suɓuce mini ta faɗi ƙasa. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, ko cikin kasuwar Gusau ranar cikarta aka yi wannan kira zan tsame shi. Garba ne. Muryarsa ce ta ɗan saurayi, yadda ya tafi da ita, ba ta tsufa ba ko kaɗan.

Ya ce, "Aje guduma ka taho. Inna ba ta lahiya, kai taka kira. Maza ka taho, ka iske ta a..."

Sai Dogon Kunne ya murɗa ƙullin.

Kun ji? Ya murɗa! Allura ta wuce, ƙara ta dawo, maganar ta yanke a tsakiya kamar an sa wuƙa. Na diro daga benci ban san na diro ba, na ce, "Maigida, mai da shi! Don Allah mai da shi inda yake, ƙanena ne!" Ko kallona bai yi ba, ya kaɗa mini hannu kamar mai korar ƙuda, ya ce, "Shiru, kafinta, shiru." Na kama hannun kujerarsa, na durƙusa, ni da ban taɓa durƙusa wa Bature ba, na ce kalma ɗaya ta rage in ji, ɗaya tak. A daidai nan wata murya ta Turanci ta fito sama-sama, sai ya yi tsalle ya cafe abin magana ya shiga jero haruffan da ake gane akwatinsa da su yana dariya, fuska ta yi ja kamar gauta. Ya samu likitansa. Ni kuwa ina durƙushe a ƙasa kamar kare.

Na juya wajen Mista Bitrus na ce, "Kai ma ka ji ko?" Mutumin nan ya yi fari fat, sai ya sunkuyar da kai.

Ban ɗauki ko zartona ba, na fita na hau keke. Ina za ni? Ina kuwa ɗa zai nemi uwarsa in ba gidanta ba? Na miƙi hanyar Bunguɗu ina taka keken nan kamar zan karya shi, ƙaya ta fasa mini taya a hanya na ƙarasa ina turawa, ina kuka ina zagi, wallahi ban san wanda nake zagi ba. Na isa Nahuce rana ta yi ja, na faɗa gida ina kiran Inna, sai matar kawuna ta fito tana kallona da mamaki, ta ce, "Lahiya? Ai Inna ba ta nan, tat tahi 'Yankuzo wurin ƙanwatta Hajo, an yi masu haihuwa. Ba a aiko maka ba?"

'Yankuzo! Ƙasar Tsafe! Wato baya na ba ta tun daga Gusau, ita tana gabas ni na yi yamma. Wannan ita ce kalmar da aka yanke mini. Da na ji ta, da motar gyaɗa zan tare a bakin tasha, kafin magariba ina gabanta.

Mota ba ta samu ba sai da gari ya waye. Na biyo wata lori zuwa Gusau, na sake wata zuwa Tsafe, sauran na taka da ƙafa ta cikin gonakin dawa. Tun daga nesa na hango maza na dawowa daga bayan gari da fartanya da sungumi a kafaɗa, ƙasa ɗanya a ƙafafunsu. Ba sai an gaya mini ba. Da hantsi ta cika, ni ina cikin lori.

Iya Hajo ta riƙe ni muna kuka, ta ce zazzaɓi ne ya kayar da ita farat ɗaya. Na ce to don me ba ku aiko mini ba? Ta ce, "Ɗana, mun so aikawa, ita ta hana. Jiya bayan azahar ta buɗe ido ta ce kada a wahal da kowa, Garba ya tahi kiran yayanai. Muka ce zahin ciwo na. Daga nan ba ta sake ɗauke ido daga ƙohwa ba, duk wanda ya ɗaga labule sai ta ce, shi na? Har rai yai halinai tana tambaya."

Ku gaya mini, in ku ne, me za ku yi da wannan magana?

Bayan an share makoki na koma Gusau, kai tsaye bariki na nufa, ban yi sallama ba. Na samu Dogon Kunne yana shan shayi a baranda, na gaya masa duk abin da ya faru. Ya dai ce ya yi baƙin ciki da rasuwar, irin ta fatar baki, sannan ya ce wai iska ce ke kwaso maganganu barkatai, wataƙila wani Bahaushe ne a Sudan ko Gwalkwas yake wasa da akwatin maigidansa. Na ce, "Bahaushen Sudan ne ya san ina riƙe da guduma? Shi ne mai i'inar ƙanena?" Ya ɗaga kafaɗa. Na ce to na ji, ka mai da allurar inda take, in ji da kunnena ko iska ce. Ya ce akwatinsa ba abin duba ba ne, ba ya kiran matattu. Kai! Wallahi gatari na hango jingine da bangon kicin, zuciyata ta ce in sare giginyun nan da na kafa da hannuna su faɗo kan ɗakin, Mista Bitrus ne ya rungume ni ta baya ya fitar da ni yana cewa, "Malam, gidan yari za su kai ka, ka tuna 'ya'yanka." Ban sake taka gidan ba.

Watanni suka shuɗe, ran nan ina rumfa sai ga Mista Bitrus, ya rame. Ya tsaya yana murza hula, ya ce Maigida ne ya aiko shi, katin likitan tsibiri ya iso, wai yana so in yi masa firam mai kyau na maɗaci da gilashi, don babu kafintan da ya kai ni. Ku ji rashin ta ido! Na ce ya koma ya gaya masa ko akwatin gawarsa ba zan buga ba. Na ɗaga murya har masu rumfunan kusa suka leƙo.

Bitrus bai tafi ba. Ya zauna kan katako ya ce, "Malam, ni ba don firam na zo ba, barin aikin zan yi, akwai abin da ya hana ni sukuni." Ya ce tsuntsun nan da ya yi kuka kafin muryar, ya san shi, bai taɓa jin irinsa a ƙasar nan ba sai a dajin Bama, lokacin ruwa. Ya ce ba shi ke nan ba. Bayan fitata ran nan, Bature ya gama da likitansa yana murna, yana mai da allura baya, sai muryar ta sake faɗowa, wannan karon da ihu: "Ya-ya-yaya! Ba can ba! Juyo, ba can ba!" Ya ce ya roƙi Maigida ya bari a ji sauran, ko ya ba da mota a bi ni, sai mutumin ya miƙa hannu ya kashe akwatin gaba ɗaya, ya ce duk wanda ya ɗaga maganar a bakin aikinsa.

Wato ya ji. Sau biyu ya ji, sau biyu ya yanke. Kuma wato duk takun da na yi a hanyar Bunguɗu, ina zufa ina tura keke, akwai mai kallona yana kira in juyo.

Na kai maganar wurin malamai, wani ya ce aljani ne ya ari murya, wani ya ce in bar wa Allah saninsa. Ni dai ban sani ba, Garba na raye a wani wuri ne, ko ya mutu, ko mene ne ya yi magana, har yau ban sani ba. Dogon Kunne ya koma ƙasarsu da katunansa, na ji an ce har karramawa 'yan'uwansa masu rediyo suka yi masa. Su karrama shi. Ni ban yafe ba, mu haɗu gaban Allah.

Ku kuma da kuke karanta wannan, shawarata ɗaya ce. In kuka ji an kira sunanku da muryar naku, ko daga ina ta fito, ku yi ta'awizi, amma ku tsaya ku ji ƙarshen maganar kafin ku zabura. Kuma in wani na durƙushe gabanku yana roƙon ku dakata masa, ku ɗauke hannunku daga abin da kuke yi, ba ku san wanda ke jiransa yana kallon ƙofa ba.