Gram Ɗari Biyu na Mai Awo

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana auna jarirai a asibitin unguwa, shi ya sa har yau da furfura ta rufe mata kai ba a kiranta da komai sai Mai Awo. Ɗakin aikinta taga ɗaya gare shi, da benci biyu, da sikeli mai jar allura. A nan hannunta ya koyi karatunsa. Takan ɗauki jariri ta ɗan jijjiga shi, ta faɗi nauyinsa tun allura ba ta tsaya ba, kuma da wuya ta kuskure. Dokarta ɗaya ce: a cire wa yaro jiƙaƙƙen ƙunzugu kafin a ɗora shi, kuma kada uwa ta ɗura masa nono a bakin ƙofa don katinsa ya yi kyau. Matan manya da yawa ta mayar ƙarshen layi a kan wannan.

Da ta ajiye aiki sai aka bar mata tsohon sikelin manya, na ƙarfe wanda ake takawa. Ta ajiye shi a falo kusa da firji, duk wanda ya kwana biyu bai zo gidan ba sai ya hau kafin a ba shi wurin zama.

Ɗa ɗaya Allah ya ba ta. Ranar da aka haife shi kilo biyu da gram ɗari uku ne, ita da kanta ta rubuta a kati, 'yan unguwa kuma suka sa masa Tsinke. Ya girma a kan keke, keken ya zama sana'arsa, har wata ƙungiyar tsere ta ɗauke shi. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba a jin ɗuriyarsa, amma da zarar titi ya fara hawa dutse sai ka ga ya miƙe tsaye a kan feda ya bar mutane a baya kamar an ɗaure musu ƙafa. Sau uku ya ci babban tseren duwatsu.

Waɗannan nasarori uku su ne abincin yamma na mutum biyu: yayan Mai Awo, tsohon direban babbar mota da kowa ke kira Kawu, da kuma Tela mai shago a ƙofar gidan. Kawu yakan ce wannan ba ƙarfi ba ne, rashin kaya ne, don ko injin da ya gaji idan ka sauke masa lodi zai hau tudu yana waƙa. Tela yakan ce to ai Kawu ma sai ya sauke tumbinsa ya hau a gani. Shi ne ya auna cinyoyin yaron da tef, ya san abin da ke ciki. Sai dai idan aka matsa masa yakan yarda cewa sau biyu ke nan yana rage ƙugun wandon Tsinke.

Bana sai masu shirya tseren suka fito da doka. Safiyar fara tseren za a auna kowa, wanda nauyinsa bai kai abin da aka yanka wa tsayinsa ba, ba zai hau keke ba. Na Tsinke kilo hamsin da takwas ne. Tela ya ce dokar hassada ce, an ga yaro yana ci an rasa yadda za a yi da shi. Kawu ya ce da tuni aka yi ta da ba a mayar da 'ya'yan mutane sanda ba.

Saura mako uku Tsinke ya zo gida. Mai Awo ta kama wuyan hannunsa, ta dafa kafaɗarsa, hannunta ya ce mata hamsin da shida da ɗan wani abu. Ya hau sikeli yana murmushi, allura ta tsaya cak a hamsin da takwas. Ita dai ta lura cewa kafin shayi ya tafasa ya zagaya banɗaki sau uku, ta kuma ga manyan robobin ruwa biyu wayam a gefen jakarsa.

Washegari da ya fito daga banɗaki sai ya tarar ta jawo sikelin har bakin ƙofa. Hamsin da shida da gram ɗari huɗu.

"Inna, kowa fa haka zai yi," ya ce. "Ka sha lita biyu, a auna ka, ka zagaya, shi ke nan."

"Kowa ba ni na haife shi ba."

Ya zauna ya yi mata bayani a tsanake: kowane kilo a kan dutse daƙiƙoƙi ne, kuma idan aka hana shi wannan tseren ƙungiya na iya sallamarsa. Ta saurara har ya gama. Sannan ta ce tana da lambar likitan ƙungiyarsu, kuma idan da ruwa zai je ya cike nauyi, ita za ta riga shi faɗa. Ya dube ta, ya tuna matan manyan da suka koma ƙarshen layi, ya san ba barazana ba ce.

Ta buɗe akwati ta ciro katinsa na jarirai, wanda ya yi ruwan ƙasa don tsufa. Akwai sauran layuka a ƙasa da ba a cike ba. A nan ta fara rubutawa.

Kwanakin suka yi mata daɗi fiye da yadda ta nuna. Da safe ya fita da keke ya dawo gumi na ɗiga, ita kuma tana tsaye a kicin. Shinkafa da kifi, ƙwai, wake, madara, kaɗan-kaɗan sau biyar a rana, yadda takan koya wa uwayen bakwaini. Da farko yana tauna kamar an ba shi magani. A mako na biyu ta ji shi yana kankare tukunya da cokali, ta koma ɗaki ta yi dariyarta ita kaɗai. Allura tana hawa a hankali, wata rana ta tsaya, wata rana ma ta ja baya.

Safiyar da zai tafi, Kawu da Tela suka shigo falo suka tsaya a gefen sikelin kamar alƙalai, Tsinke ya hau. Hamsin da bakwai da ɗari takwas. Saura gram ɗari biyu. Tsinke ya sunkuyar da kai. Mai Awo ta shiga kicin ta fito da kofin shayi mai madara da burodi yanka uku, ta ce haka zai ci gobe kafin a kira shi.

"Wannan ba shi ne maguɗin ba, Inna?"

"Wannan karin kumallo ne. Ban taɓa cewa a kawo mini yaro da yunwa ba."

Ranar tseren suka kalla a talabijin su uku. Ya wuce awo, ya hau duwatsun, ya zo na huɗu. Nan take Tela ya juya wa Mai Awo, ya ce tukunyarta ce ta cinye kofin bana. Kawu kuwa ya buga cinya ya ce yanzu ne ya ga gwani, motar da ta hau tudu da lodinta ita ce mota, na huɗun nan ya fi na ɗaya ukun can. Kowa ya koma kujerar ɗan'uwansa, gardama ta ci gaba da zafinta.

Mai Awo ta bar su da gardamarsu. Ta matsa kusa da talabijin lokacin da aka nuno Tsinke yana cire hular kwano, tana duban kumatunsa. Da ya kira ta a waya yana haki, abu ɗaya ta tambaya. Ya ce hamsin da takwas da ɗari ɗaya. Ta sa ya maimaita, sannan ta ɗauko biro ta rubuta a layin da ya rage a katin.