Gwiwar Latifatu

A unguwar Karantina, can ƙasa mai tsarki, aka haifi Latifatu, jikar wani mahajjaci da ya zo daga Katsina bai koma ba. Mahaifiyarta Bilkisu girki take yi a gidajen biki. Tun Latifatu tana ƙarama babu mai kamo ta a guje. Wata kwaleji mai zaman kanta ta ga ƙafarta a gasar makarantu, ta ba ta gurbin karatu kyauta, da sharaɗin za ta riƙa yi musu tseren mita ɗari huɗu.

Shekara biyu tana ciyo musu kofi. Sun manna hotonta a ƙofar shiga, suna jawo sababbin ɗalibai da shi. Ita kuwa ko takalmin gudu daga tukunyar uwarta yake fitowa, kuma atisayen safe da yamma ya hana ta neman wani ɗan aikin.

Da aka rushe Karantina suka koma ɗaki ɗaya a bayan gari, zuwa filin atisaye ya zama sai ta hau mota biyu. Ta samu mai horar da su.

"Kabtin Areej, ko kuɗin mota ne a riƙa ba mu. 'Yan kulob ana biyansu, gumin kuma ɗaya ne."

"Ya binti, 'yata, ke ɗaliba ce, ba ma'aikaciya ba. Karatun shi ne ladanki. Yalla, maza koma fili."

A shekara ta uku gwiwarta ta dama ta fara kumbura. Ta ɗaure da bandeji ta yi shiru, don ta ga yadda aka sallami wata da ta nemi hutu. A kwanar ƙarshe ta wasan ƙarshe jijiyar ta tsinke, ta faɗi tana jin ana tafa wa wadda ta wuce ta.

Kwalejin ta biya tiyata. Bayan wata huɗu takarda ta zo: gurbin na 'yan wasa ne, ita kuma ba ta wasa. Saura mata shekara ɗaya ta gama karatun jinya.

Bilkisu ta sa ta karanta mata takardar sau biyu.

"Umma, halas, ya ƙare," in ji Latifatu. "Bari kawai."

Yanzu tare suke zuwa gidajen biki. A zaune take yanka albasa, domin ƙafar ba ta jure tsayuwa.