Man Da Aka Kankare

A cikin gangar tsohon injin wanki muke hura wutar tatsuniya. Babanmu ne ya ciro gangar, ya ɗora ta kan bulo uku a bayan gidanmu na McLeansville, inda daga shingen waya sai gonar wani Bature da ba mu taɓa ganin haƙoransa ba. Idan ganye ya fara zuba, sanyi ya fara leƙowa, kowace Asabar bayan tuwon yamma sai mu fito da kujerun roba, ni da ƙanwata Laraba. Kaka, wato mahaifiyar Baba, takan zauna daf da wutar, ta lulluɓe da bargo biyu tana tsine wa sanyin ƙasar nan, tana gasa mana masara.

Ina son matar nan, kada wani ya yi zaton ba haka ba. Ba a yi mai iya labari kamarta ba. Tana iya muryar kura, tana iya muryar tsohuwa mai mura, kuma idan muka amsa mata da Turanci sai ta ɗaga masarar ta ce sai mun faɗa da Hausa za mu ci. Amma Kaka ba ta ba da tatsuniya a banza. Kowace tana da wanda aka nufa da ita, kuma sau da yawa yana zaune a wurin.

A shekarar da na cika goma, wanda aka nufa Babanmu ne.

Baba Ishaya yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani katafaren sito a Wendover Avenue. Mutum ne mai sanyin hali, yana da i'ina idan hankalinsa ya tashi, kuma da bayan hannu yake tura tabaransa sama, domin ya saba hannunsa da datti. Shekara biyar yana karatun aikin fastanci da yamma bayan ya tashi daga aiki. Cocinmu ƙarami ne, shago ne muka kama haya tsakanin mai sayar da taya da mai gyaran farce. Fastonmu, da muke kira Baba Fasto, ya tsufa, zai koma wajen 'yarsa a wata jiha, dattawa kuma za su zaɓi wanda za a keɓe a madadinsa kafin Kirsimeti. A cocinmu, ranar keɓewa ana zuba wa mutum man zaitun a ka. Babu abin da Baba yake so a duniya kamar ranar nan.

Shi ya sa ko a bakin wuta da 'yan katunansa yake zama, yana haddar Helenanci, tsohon yaren mutanen Girka. Wata Asabar Laraba ta fizge kati ɗaya, ta ce, "Daddy, what's this one?"

Fuskarsa ta washe. Ya ce mutanen nan ba kalma ɗaya suke da ita ta mai ba. Man zaitun zalla, elayon. Mai ƙamshi na kwalba, muron. Idan shafa ce ta yau da kullum, ta marar lafiya ko ta wanda ya fito wanka, aleifo suke cewa. Idan kuwa ta keɓewa ce, ta sarki ko ta mai hidimar Allah, sai su ce kirio. Ranar ko i'ina bai yi ba. Daɗin bayanin ya ɗebe shi har ya ƙara mana da wani abu: wai 'yan kokawarsu sukan shafe jiki da mai, su yi birgima cikin rairayi, in an gama sai a sa wani lanƙwasasshen ƙarfe kamar lauje a kankare musu man da gumin da ƙasar. Wannan dattin ma yana da suna, giloyos, har tara shi ake yi a tulu a ce magani ne.

Muka yi ta "yak!" muna dariya. Kaka ba ta yi dariya ba. Ta juya masara, ta ce, "Wa ke kankarewar?"

"Akwai masu yi musu, Mama. Bayi ne galibi."

"To," in ji Kaka.

Asabar ta gaba ta gyara bargonta, ta buɗe tatsuniya yadda ta saba, ta ce, "Ga wata baƙuwa a ƙofa."

Muka ce, "Ta shigo ta sha wuta."

Wai an yi wata mata mai 'ya'ya biyu maza. Babban, tun yana yaro mutanen gari suka gane nasu ne, suka kira shi dandali suka zuba masa man sarauta a ka, man ya shige jikinsa har ƙashi. Ƙaramin kuwa sai ya samu aiki a filin kokawa, shi ke kankare wa 'yan kokawa jiki. Kullum da yamma ya tattara abin da ya kankare ya ɗura a tandu. Idan aka tambaye shi me zai yi da datti, sai ya ce, "M-m-mai ne. Ai m-mai mai ne."

Nan Kaka ta tura tabaran da ba ta da shi da bayan hannu. Ni da Laraba muka faɗi ƙasa don dariya. Na san wa take kwaikwayo, ba zan yi ƙarya in ce ban sani ba. Na waiga na ga Baba yana murmushi yana kallon wuta, sai na ce a raina ai shi ma abin ya ba shi dariya.

Shekara biyar yana tarawa, in ji Kaka, har tandu ya cika. Rannan sarkin wata unguwa ya tsufa ya sauka. Makankari ya yi wanka, ya sa farar riga, ya je ya zauna kan kujerar, ya ɗaga tandu ya juye wa kansa. Wari ya tashi. Ƙudaje suka fara zuwa gaisuwa, su ne fadawansa na farko. Bayansu sai kwarkwasa, layi guda tun daga bakin daji. Suka hau ta ƙafa. Yana ji suna cizo amma ya ƙi motsi, domin ya ji an ce sarki ba ya susa a gaban jama'a. Suka ci rigar, suka ci fatar, yana zaune yana cewa, "K-ku yi a hankali, t-talakawana." Da aka ga abin ya yi yawa aka aika a kira uwarsa. Ta zo ta tsaya daga nesa, ta toshe hanci ta ce, "Ni ɗa ɗaya na haifa wa kujera. Wannan ku ba shi tsintsiya in ya rage."

"Baƙuwa ta sha wuta ta tafi," in ji Kaka. "Wa zai ƙara masara?"

Baba ya tattara katunansa ya ce zai shiga ya duba ko ya kashe murhu. Mahaifiyarmu tana wurin aiki a gidan kula da tsofaffi, ba ta ji komai ba.

Da abin ya tsaya a bayan gidanmu, da ya wuce kamar sauran. Amma ana saura mako uku dattawa su zauna, aka yi bikin godiya na girbi a coci, kuma an ce kowane yaro ya kawo wani abu na gida, waƙa ko rawa ko tatsuniya, don a nuna ba mu ɓace cikin Turanci ba. Ni waƙa na shirya. Kaka ta kira ni ɗakinta ta ce waƙa kowa ma ya iya.

"Ke kaɗai ce cikin yaran nan Hausarki ta nuna, Rifkatu. Ki ba su ta Makankari. Za su san jikar wa ce ke."

Kwana shida tana koya mini. Ta nuna mini inda zan dakata, da yadda zan riƙe numfashi kafin i'inar ta fito, da yadda zan ɗaga hannu zuwa hanci. Ta ce kada in gaya wa kowa, abin mamaki za mu ba su. Ban taɓa jin an zaɓe ni kamar makon nan ba, kuma har yau ina jin kunyar yadda abin ya yi mini daɗi.

Ranar Lahadi aka cika shagon, ƙamshin shinkafar jalof da soyayyen nama ya cika ko'ina. Na hau gaba da sabon zanena, aka miƙo mini makirfo. Da farko ana ta "Kai, yarinyar nan!" Da na zo kan "m-m-mai ne," na tura tabarau da bayan hannu, sai dariya ta fashe daga layin matasa. Ta bi layi-layi har ta kai wajen dattawa. Na ga Anti Hannatu mai shugabantar zumuntar mata ta rufe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Na ga wani dattijo ya juya ya dubi Baba, ya yi sauri ya mayar da ido kan takalminsa. Na ga mahaifiyata ta daskare da faranti a hannu. Duk na gani, ban tsaya ba, domin ba a taɓa yi mini dariya irin wannan ba. Na kai har kan tsintsiya.

Baba ne ya fara tafi. Ya tashi tsaye ya tafa, shi kaɗai, kafin sauran su bi.

Muka shiga mota muka bar Wendover. Mahaifiyata ce ta juyo za ta fara yi mini faɗa, Baba ya ɗora hannu kan nata ya ce, "Ki bar ta. Ta iya l-labari." Kaka tana gefena tana ɓare gyaɗa.

Lahadin da ta biyo baya shi ke da karatu a gaban jama'a. Ya kai layi na uku harshensa ya sarƙe, wani yaro a baya ya ce "m-m-mai" a hankali, aka yi ƙus-ƙus. Baba ya tsaya. Ya kai hannu zai tura tabaransa, ya tuna, ya sauke hannun, tabaran ya zauna a kan karan hancinsa har ya gama. A makon nan ya rubuta wa dattawa cewa ya janye sunansa. Wani aka keɓe, mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa. Baba ya gama shekarunsa na aiki a siton nan.

Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Da ya mare ni da na fi samun sauƙi. Na girma ina ba kaina uzuri iri-iri: yarinya ce ni, sa ni aka yi. Na kuma ba Kaka nata uzurin. Na ce mutanen da haka suke horo, wataƙila gani ta yi bai dace da aikin ba, tana so ta tsare shi daga kunyar da ta fi wannan. Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar shi ne mutum ya san matsayinsa, har na kusa yarda darasi ne mai kyau.

Bara na je gidanmu na McLeansville hutun ƙarshen shekara. Kaka ta haura tasa'in, ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, amma kanta garau. Baba ya yi ritaya, shi ke mata komai. Ina zaune bakin gadonta da rana, shi yana kicin yana dafa mata ruwan gashin ƙafa, sai na ji tambayar ta fito da kanta.

"Kaka, me ya sa kika sa ni na yi wa Baba haka a coci?"

Na zaci za ta ce ta manta. Ta dube ni tsaf.

"Babban, ina yake?" ta ce. Ba ta kiran sunan ɗan farinta, wan Baba, wanda yake babban fasto a can gida. "Tun ranar da suka zuba masa mai ya zama nasu. Haihuwa shi, mutuwa shi, rigimar miji da mata shi. Da ubansu ya kwanta ciwo, yana wajen taro. Ni da Kirsimeti yake kirana, minti biyar, ana jiransa. Na ba su ɗaya. Su ɗauke mini na biyun kuma, a ƙasar da ko hanyar kasuwa ban sani ba?"

"Ai sai ki gaya masa, Kaka. Ki roƙe shi."

"In roƙe shi ya ce Allah ne ya kira shi? Wa ke ja da wannan?" Ta gyara filo. "Ni ko na faɗa a gida ba zai ji ba, ya saba da bakina. Sai daga bakin 'yarsa, a gaban mutane."

Na ce mata ya dace da aikin, kowa ya sani.

"Ya fi wansa dacewa nesa ba kusa ba," in ji ta. "Da bai dace ba me zai sa in wahalar da kaina?"

Shekara ashirin ina neman darasi a cikin labarin nan, ashe babu darasin komai. Tsohuwa ce mai tsoron kaɗaici ta duba cikin gidanta ta ga abin da ya fi kaifi, ta ɗauka, abin nan kuwa ni ce. Na ƙi ta a lokacin, ƙi na gaske, ina riƙe da hannunta.

Ta ɗan matse yatsuna, ta ce, "Kina ta ɓata rai. Ya yi aiki ko bai yi ba?" Sannan ta ɗaga murya. "Ishaya! Sai ruwan ya huce?"

"G-ga ni nan, Mama," in ji Baba daga kicin. Na ji takunsa a baranda, mutum mai shekara sittin da biyar, yana sauri yana kaffa-kaffa kada ruwan ya zube.