Kukan da Aka Rufe a Tulu

Muna yara a Karakkai, in an ci tuwon magariba, kakata Iya Dudu takan jawo mu bakin murhu, tana gasa gyaɗa a toka. Ba ta da yawan dariya. Sai ta ce, "Ga ta nan ta iso, wa zai karɓe ta?" Mu ce ta shigo.

Akwai wata tatsuniya da take yawan ba mu, ta wani gari da sarkinsa ya hana kuka. Ɗan wata mata ya mutu, sai ta riƙa kifa bakinta cikin tulu tana yi, ta toshe da tsumma, ta tura ƙarƙashin gado. Tana zaton ita kaɗai ce. Ran nan akuya ta shiga ta ture tulun, kuka ya fito yana bin gida gida. Ashe kowa da nasa tulun. Tulunan suka yi ta fashewa, gari ya ɗauka.

"To sai mi, Iya?"

"Sai aka yi barci," in ji ta. "Sun daɗe ba su yi ba."

Mu akuyar muke wa dariya.

Yau ni ce tsohuwar. Jikana Sanusi, ɗan farin 'yata Hajara, ni na yaye shi, ni na goya shi. Maigidana nake ce masa, shi kuwa ya ce ya sake ni tunda ba ni da haƙori. Ya shiga sakandare a Gusau, surutunsa ya ragu, muka ce hankali ne ya zo. Bara da damina ya kashe kansa.

Masu gaisuwa kaɗan suka zo, ba su kuma daɗe a tabarma ba. Mazan gida suka ce a ce zazzaɓi ne, kada a ƙara tada maganar. Hajara kuwa, don kunyar ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi, "yaron nan" take cewa. Ko hawaye ba ta yi a gaban mutane ba. Aka yi ta yabon haƙurinta, tana ta ramewa, tuwo na kwana a kwanonta.

Sai yanzu na gane Iya ba labarin akuya take ba mu ba.

Na hau mota na je gidan Hajara, na same ta tana tsintar shinkafa ita kaɗai a tsakar gida. Na zauna. Na ce, "Hajara, ina kewar Sanusi. Kuma ba zazzaɓi ba ne, ni da ke mun sani."

Hannunta ya tsaya cikin faifai.

"Inna," ta ce, "in na faɗi sunan, ba laifi?"

"Wa ya rage da za ki ji wa kunya?"

Ta faɗa a hankali, kamar mai taɓa miki. Ta sake faɗa. Maƙwabta sun ji abin da ya biyo baya, ba wanda ya leƙo. Na riƙe ta har aka kira la'asar.