Yadda Ɗan Jemage Yake Barci

Ƙamshin gyaɗa a kasko har yau unguwar Karantina ta Jidda yake mayar da ni, ko da yake inda gidanmu yake a da yanzu fili ne fetal. Kakata gyaɗa take soyawa tana sayarwa. Mu jikokinta haihuwar Jidda muna ce mata Sitti, ita kuma ta ce, "Kaka nake, ban san wata Sitti ba." Bayan sallar isha'i takan hura gawayi a saman bene, ta ɗora kasko da yashi, mu kewaye ta. Ga zafin gari ga na wuta, gumi har cikin ido, amma ko da bulala ba a iya tashinmu daga wurin.

"Ga ta nan a bakin ƙofa," haka take farawa.

Mu ce, "Ahlan, ta shigo!"

Sai ta harare mu. "Ku ji 'ya'yan nan, tatsuniyar ma sai sun yi mata Larabci."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta Kaza da Jemage. Jemage za ta yi tafiya, sai ta kai wa Kaza ɗanta amana. Kaza kuwa uwa ce ta gaske. Ta yi masa shimfiɗa da gashin jikinta, ta kwantar da shi, ta rufe shi da fiffike. Ɗan jemage ya dinga kuka. Ta ƙara laushin shimfiɗa, ya ƙara kuka. Kwana uku bai runtsa ba. Da uwarsa ta dawo ta gan shi a rame, sai ta ɗaga shi ta rataye a jikin azara, kai a ƙasa. Nan take ya yi barci. Tun ranar Jemage ba ta sake taka gidan Kaza ba.

"To laifin wa?" Kaka ta tambaya tana juya gyaɗa.

"Na jemage!" muka ce. "Wa yake barci a rataye?"

"Ku ma kaji ne," in ji ta. "Kaza tana da kirki, tambaya ce ba ta da ita. Ku tashi, tatsuniya ta ƙare, gyaɗa ta soyu."

A shekarun ne mahaifina ya saya mata gado da katifa mai laushi. Kullum da safe sai mu same ta a ƙasa kan tsohuwar tabarmarta. Mu yi ta dariya muna ce mata baƙauya, ita kuma ta yi murmushi kawai.

Yanzu ina aiki a hadana, wato gidan rainon yara, a unguwar Aziziyya. Kwanakin baya mudira, shugabar wurin, ta kira ni.

"Ya Rakiya, akwai yarinya 'yar Malesiya, sunanta Nurin, shekararta ɗaya da rabi. Uwarta ma'aikaciyar jinya ce. An kai yarinyar hadana biyu, ba ta barci, kuka har muryarta ta dishe. In mu ma muka kasa, halas, shi ke nan, za a mayar da ita ƙasarsu wurin kakarta, uwar ta zauna nan sai ƙarshen kwangila."

Na ji abin har cikin raina, na kuwa zage damtse. Na zaɓi gadon da ya fi kowanne laushi, na sa sabon zanen gado, na koyi gaisuwarsu a waya, har shinkafa da madarar kwakwa na gwada dafawa. Ana gobe za su zo, ina danna katifar da tafin hannu don in ji laushinta, sai na tsaya cik. Muryar Kaka na ji sarai: ku ma kaji ne.

Na kira uwar. Da guntun Larabcinta muka fahimci juna. Na ce, "Ya Ummu Nurin, a gida yaya take barci?"

Ta ce, "Ba wanda ya taɓa tambayata. Na ji kunya in faɗa, kada a ce mu ƙauyawa ne."

Ta turo mini hoto. Zane ne aka ɗaure bakinsa biyu, aka rataye a jikin ƙarfe mai lilo, yarinya a ciki kamar goyon da babu baya. Tun haihuwarta a nan take barci, ana jijjiga ta sama da ƙasa. Mudira ta yi ta jan ƙafa, daga baya ta yarda, da sharaɗin ba zan matsa daga gefensa ba muddin yarinyar na ciki.

Washegari suka zo da abinsu. Da azahar Nurin ta fara kuka, na sa ta a zanen, na jijjiga a hankali. Ban kai ƙarshen waƙar raino ɗaya ba ta yi barci. Da la'asar uwar ta shigo a guje da kayan aiki a ƙarƙashin abaya, ta leƙa zanen, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska tana hawaye.

Ni kuwa Kaka nake tunani. Tana budurwa ta baro ƙasarmu ta zo aikin hajji, ba ta sake komawa ba. Wataƙila tabarmar nan ita kaɗai ce ta rage mata daga gida. Mun saya mata katifa don ƙauna, mun yi mata dariya don ƙuruciya, har ta koma ga Allah babu ɗayanmu da ya zauna kusa da ita ya ce, "Kaka, a gidanku yaya kike barci?"