Danda da ruwan shuka

Danda maƙwabcinmu ne a wani ƙauye yamma da Kanan-Bakashe. Manomi ne, baƙin yashi da gero kawai ya sani. Shekarar da sojoji suka amshi mulki hatsinshi bai kai rani ba, ita ce kuma shekarar da muryarshi ta dishe, wuya ya kumbura. Daga Mayahi aka tura shi Maraɗi, daga Maraɗi Yamai. Aka ce ciwon daji ne a maƙogwaro.

A asibiti suka sa mashi ƙarin ruwan shimiyo, maganin kashe daji, suna gasa wurin da inji. Baki ya ɗaye, ko yawu bai wucewa. Sai lokotoron, wata yarinya da yake ce ma ɗiyata, ta ƙara mashi ƙwayar rage kumburi. Da aka kwana biyu ya sha kunu.

Ya ce ma matarshi Zara'u, "Kin ga magani nan. Wancan injin suya kawai yake."

"Malam, ta ce ƙwayar taimako ce, ba ita ke kashe ciwon ba."

"Ita ta sha ko ni?"

"To kai da ba ka iya haɗiye yawu, yau har da gardama."

Ana tsakiyar gashin aka bugo waya daga gida: ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙa har gwiwar hannu. Wanda bai taɓa ganin rumbu wayam ba ba zai gane ba. Ruwan shuka bai jiran kowa, 'ya'yanshi maza kuma suna Libiya.

Lokotoro ta roƙe shi, ta ce in an yanke gashi a tsakiya ciwon sake tashi yake. Ya ce, "Ɗiyata, in na tsaya na warke, mi za ni ci?" Ya ƙulle ƙwayoyin a leda, suka hau kar, babbar motar fasinja, sai gida.

Ya shuka. Da ƙwayar ta ƙare ya riƙa sayen mai kama da ita wajen masu talla ranar kasuwa. Gero na hidda kai wuyan ya sake tashi, ya hi da.

Masu ce mashi jahili, ku dakata. Ya ji bayanin sarai, lissahin yunwa ne ya rinjaya.

Geron ya yi. Zara'u ce ta tsaya kan yankan, shi yana inuwa yana nuni da hannu. Sun koma Yamai bayan kaka, ana duba ko jikinshi zai iya ɗaukar wani gashin.